Ba Komai a Jinin Rabi

Nasiru, ajiye wayar nan ka jawo benci. Ku ma sauran ku matso, injin gwajin jinin ba ya gudu. Na ji abin da ka faɗa wa matar nan da safe a ɗakin yara, wadda ɗanta ke zazzaɓi yana fizge-fizge, na kuma ga ka dawo kana sosa ƙeya don ta yi maka tambayar da ba a koya muku a makaranta ba. Tana can zaune, kayanta a ɗaure, ba ta yanke ko za ta tsaya ko za ta saɓi yaron ta koma gida ba. Likita ya yi masa allura ya samu barci, saboda haka muna da ɗan sarari. Kafin ka koma wurinta sai ka ji ni.

Jiya kai ne kake karanta mana a waya cewa masana na can suna neman wasu alamomi a cikin jini, waɗanda za su nuna ƙwayar bairos ta kumbura ƙwaƙwalwar yaro, ba sai an soka masa allura a gadon baya ba. Madalla. Allah ya sa su samo ina da rai. Amma da ka ƙara da cewa aikinmu yanzu ko akuya aka koya wa za ta yi, a zuba jini a danna maɓalli, sai na ce to, bari tsohuwar akuya ta yi magana.

Na shiga wannan sana'a daf da lokacin da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, a wani ƙaramin asibiti na bakin tafki da ba sai na kama sunansa ba. Sabuwar jiha ta zo mana da sabon allo a bakin ƙofa da shuɗin fenti. Fentin ya ƙare a rabin bango, aka ce ai ado ne. Ɗakin gwaji kuwa ko leƙa shi jihar ba ta yi ba. Madubin likita guda muke da shi, irin wanda bai san lantarki ba. Wani ɗan madubi ne a gindinsa kake karkatawa ya kamo maka hasken rana. Da safe ina tagar gabas, da la'asar in kinkimi tebur in koma tagar yamma. Idan hadari ya haɗo, cuta ta samu hutu, mu ma mun samu. Akwai injin wulwula jini na hannu, ka yi ta juya shi har kafaɗarka ta sage. Akwai kwalaben shuni biyu, ja da shuɗi, na rina jini. Sai firji mai kananzir, wanda a takarda namu ne, amma a zahiri na zoɓon babbar nas ne, magungunanmu baƙi ne a ciki, suna raɓe a lungu.

Maigidana a aikin shi ne Baba Audu, Allah ya jiƙansa. Da na zo bai bar ni na taɓa yatsan kowa ba, gilasai ya sa ni wankewa, waɗannan 'yan siraran da ake ɗiga jini a kai. Ku yau kuna amfani da gilashi sau ɗaya ku jefar. Mu namu sai mun wanke shi mun sake wankewa har ya yi zane-zane, ka duba a madubi ka rasa ko ƙwayar cuta ce ko tabon bara. Bayan wanki aka ƙara mini girma, aka naɗa ni mai korar ƙuda. Kada ku yi dariya, muƙami ne. Idan ka shimfiɗa jini a gilashi ka ajiye ya bushe, ƙudan bakin tafki da ya saba da kan kifi zai sauka ya lashe shi tas kafin ka waiwaya. Sau nawa ina komawa wurin mara lafiya ina ba shi haƙuri in sake huda masa yatsa, yana tambayata ko sayar da jinin muke yi.

Baba Audu garin nan kaf da Baba Fulos Wan aka san shi. Idan an ga ƙwayar maleriya kaɗan a jini, alama ɗaya ake yi, ita ce fulos wan. In ta yi yawa a yi biyu ko uku. Shi Baba yana da aƙida. Yakan ce: «Garba, mutum ya tuƙo kwalekwale tun daga gungu, ya bar tarunsa a ruwa, ya zauna a benci har azahar, sannan ka dube shi ka ce ba ka ga komai ba? Ina tarbiyyarka? Ba shi fulos wan ya koma gida da mutuncinsa.» Gungu, ku da kuka zo daga Birnin Kebbi, su ne tsibiran nan na cikin tafki inda masunta ke zaune. Kuma in don gaskiya ce, Baba bai cika yin ƙarya ba, sauro ne ke rufa masa asiri. Mutumin da ke kwana a bakin ruwa, da wuya ka bincika jininsa da kyau ka fito hannu biyu.

Masu zuwa ma haka suke so. Wani Alhaji dillalin albasa a kasuwar Yelwa ya taɓa dawo mana da takardarsa yana huci. Wai maƙwabcinsa mai tebur ɗaya an ba shi fulos tu, shi da ke loda mota zuwa kudu za a ba shi wan? Raini ne ko me? Baba ya karɓi takardar ya dube ta da nutsuwa, ya ce a yi haƙuri, yaron nan ne sabo, ya ƙara masa taifot a ƙasa. Alhaji ya fita yana sa mana albarka. A lokacin taifot ciwon manya ne, talaka bai isa ya yi shi ba sai da hanya.

Haka muke lallaɓawa har shekarar sanƙarau ta zo. Wannan kam ba ta da abin dariya. Da bazara aka fara kawo yara wuya a sandare, gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda har gindin itacen bedi. Likitanmu a lokacin wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, siriri, mai gilashin ido, kuma wallahi ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Zai lanƙwasa yaro ya soka allura a gadon baya ya ɗebo ruwa, ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa ke nan. In sanƙarau ne, tun kafin ya iso tebur ɗina ka san shi, ruwan ya yi gurɓi kamar na wankin shinkafa. A yi wa yaro allurar nan mai kauri mai mai, da yawa su tashi. Ciwo ne mugu, amma ba ya ɓuya. Ka gan shi, ka kira sunansa, ka nuna wa uban yaro kwalba ya gani da idonsa.

Matsalar likitan guda ce. Hausarsa kalma uku ce: sannu, ina ciwo, ba komai. A kasuwa ya tsince su. Ya lura duk inda ya ce ba komai sai mutane su yi murmushi, sai ya riƙe ta ya maishe ta maganin kowace magana. Ka taka shi, ba komai. Ka gaishe shi, ba komai. Har Dokta Ba Komai muke ce masa, yana amsawa.

Da ruwa ya sauka sanƙarau ya ja da baya, muka ce an huta. Sai ga wasu irin yara sun fara zuwa ɗaya-ɗaya. Zazzaɓi, fizga, yaro ya kalli uwarsa bai san ta ba, daga nan ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa. In an ɗebo ruwan baya, garau yake kamar na randa. In na duba jini, shiru. Likita ya ce mini da Turanci yana zargin bairos ne ya shiga ƙwaƙwalwa, ƙwayar da ta fi ƙarfin madubinmu don ƙanƙanta, kuma inda za a tabbatar sai can Ikko ko ma ƙetare. Ba mu da maganin kashe ta. Abin da muke da shi shi ne a riƙe yaro a gado, a tsayar da fizga da allura, a sauke zafin jiki, a ba shi kunu ta robar hanci, a riƙa juya shi, har jikinsa ya yi yaƙinsa. Wanda ya zauna yana da rabo. Wanda aka ɗauka aka sa a kwalekwale, fizga ta kama shi a tsakiyar ruwa ba allura, sai dai mu ji labari.

To ga inda kalmar nan ta yi mana ɓarna. Likita zai riƙo takardata, ya je wurin iyaye da fuskar tausayi, yana so ya ce ba a ga maleriya ba, ba a ga sanƙarau ba, sai ya ce: «Jini, ba komai.» Wasu su ce alhamdu lillahi, ashe da sauƙi, su naɗe tabarma. Wasu su dubi juna su ce to, tunda asibiti da madubinsa bai ga komai ba, ciwon ba na asibiti ba ne, na 'yan ruwa ne. Su ma su naɗe tabarma. Ko ta wace fassara aka bi, kwalekwale ake nufa.

Wata safiya aka kawo Rabi, yarinya ƙarama da ba ta daɗe da fara famfara ba, daga wani gungu ta wajen Shanga. Ubanta Tanko masunci ne, dogo, baƙi, mai ƙaramar murya. Tare da shi akwai uwarsa, Inna Kulu, wadda ita ce gwamnatin gidan. Da likita ya nuna gadon bayan yarinyar da allura, tsohuwa ta shiga tsakani ta baje hannuwa.

«Ba a taɓa mata baya. Ɗiya mace ta. Ku tsiyaye mata ruwan haihuwa, gobe wa ka aurenta?»

Na yi bayani har bakina ya bushe cewa wannan ruwan daban, haihuwa daban. Tanko ya ce: «Malam, Inna ta yi magana. Jini dai, ɗebi ko kwalba nawa kaka so.» Kun ga ke nan abin da kake karanta mana jiya, Nasiru, ni tun a lokacin nake nemansa. Jini kaɗai aka ba ni, aka ce in faɗi abin da ke cikin kan yarinya.

Na huda yatsa, na shimfiɗa, na kori ƙuda, na rina, na zauna a tagar gabas. Na bi gilashin nan lungu-lungu har idona ya fara ruwa. Yarinyar da aka haifa a gungu, amma ranar ko ƙwayar maleriya ɗaya ta ƙi fitowa don ta taimake ni. Baba Audu ya leƙo ta kafaɗata ya ce: «Rubuta fulos tu su zauna.» Na ce Baba, likita ya riga ya ɗaura mata ruwan kwinin ko an gani ko ba a gani ba, in na rubuta maleriya kuma ba ta farka ba, za su ce maganin asibiti ya gaza, su tafi, sannan likita ya daina neman wani abin. Baba ya taɓe baki ya ce: «Gaskiyar nan taka kwalekwale za ta sa yarinya.» Ya kuwa faɗi daidai. Na aika da takarda, ina wanke hannu in bi bayanta in yi fassara da kaina, wani ya shigo da fitsari a kwalbar lemo yana rantsuwa ya wanke ta. Kafin in rabu da shi babbar nas ta leƙo tana salati. Wai likita ya ce musu ba komai, sun zare robar ruwa, sun fita da yarinyar.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na rungumi madubin likita da gilashin Rabi a kai na fita a guje, Baba Audu na bayana yana ihu: «Kayan gwamnati! Garba, kayan gwamnati!» Na ratsa ta wurin mata masu bandar kifi da farar rigata, silifa ɗaya ya tsinke na bar shi, suna ta shewa wai mai jini ya haukace. Na iske su a bakin ruwa. Tanko ya saɓa yarinyar a kafaɗa, Inna Kulu ta riga ta shiga kwalekwale da buta da tabarma. Na dire madubin a kan wani kifaffen jirgi, na karkata ɗan madubin ya kamo rana. Ranar na gode wa Allah da jiha ba ta saya mana mai lantarki ba.

Na ce: «Malam Tanko, don girman Allah zo ka duba jinin ɗiyarka da idonka, sannan ka tafi.»

Ya miƙa wa uwarsa yarinyar ya sunkuya. Da farko ya rufe idon da zai duba da shi, na gyara masa. Ya daɗe yana kallo.

«Ƙwan kifi nika gani.»

«Jininta ke nan.»

«To ina ciwon?»

«Bai fito ba.»

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. «Ashe dai ba naku ba ne.»

Na ce namu ne, yana nan, ƙanƙanta gare shi, wucewa yake yi ta cikin gilashin nan ban iya riƙe shi. Sai ya tsaya. Ya juya ya dubi tarunan da aka shanya a kan sanduna, ga na giwan ruwa mai idon da hannu ke shiga, ga na warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan, mai ido kamar gidan sauro.

«Wucewa? Kamar warangi a tarun giwan ruwa?»

Na ce wallahi haka.

Ya dube ni daga sama har ƙafata mara takalmi, da tausayi sosai, ya ce: «Ashe kai ma matsiyacin masunci ne. Taru guda gare ka.» Na ce guda ne, shi ma na gwamnati. Ya ce wa ke da mai ƙaramin ido? Na ce masana na can suna saƙawa, ba su gama ba. Ya ce: «To mi ya sa likitanku ya ce ba komai?» Na ce iyakar Hausarsa ke nan.

Inna Kulu ta ce daga cikin jirgi: «Tanko, rana na yi. Wanga yaro surutu gare shi.» Ba ta rufe baki ba yarinyar ta sandare a cinyarta, ido ya juye, fizga ta kama ta, jirgin har yana tangaɗi. Tsohuwa ta fasa ihu. Sai ga likita ya ɓullo ta cikin hayaƙin banda, sirinji a hannu, gilashin idonsa a karkace. Ashe tun da nas ta fahimtar da shi abin da ya faru ya biyo mu. Ya shiga ruwa da takalminsa ya durƙusa a taɓo ya yi mata allura, muka tsaya cirko-cirko har jikin ya saki. Tanko ya dubi faɗin tafkin da ya yi niyyar tsallakawa da ita. Ya ɗauki ɗiyarsa ya juya wajen asibiti. A hanya ya kama hannun likita ya ce ya gode, Allah ya saka. Likita ya yi murmushi ya ce: «Ba komai.»

Inna Kulu ta ja birki. «Kun ji! Ya sake faɗi!»

Da ƙyar na shawo kanta cewa wannan karon a wurinta ya faɗe ta.

Rabi ta daɗe a gado. Inna Kulu ta kafa kaskon turarenta a bakin taga don 'yan ruwa, babbar nas ta fitar da shi, ta dawo da shi, har suka gaji suka yi sulhu a kan baranda. Tsohuwar nan da ta hana a taɓa baya, ita ta ƙware a zuba kunu ta robar hanci har tana koya wa sauran mata. Ranar da yarinyar ta buɗe ido ta ce Inna, na ji daɗin da ban ji irinsa ba a aikin nan, na koma ɗakin gwaji na rasa abin yi, na hau wanke gilasan da na riga na wanke. Ta tashi, amma ba duka ba. Ta ɗauki lokaci tana jan ƙafa, kuma kunnenta na hagu bai dawo ba. Wasu yaran da muka riƙe kamar yadda muka riƙe ta ba su tashi ba sam, kada ku ce na ce muku zama a asibiti laya ne. Kuma har yau in kun tambaye ni sunan ƙwayar da ta kama Rabi, ban sani ba. Zargi muka yi, zargi muka yi wa jinya.

Daga ranar na roƙi likita ya bar mini maganar jini da iyaye, shi kuma ya ƙara kalma ta huɗu a Hausarsa, tukuna. Tanko kuwa duk sanda ya kawo kifi kasuwar Yelwa sai ya biyo ta tagata ya leƙo.

«Mai jini, an gama saƙar?»

«Tukuna.»

Ya gyaɗa kai ya ajiye mini tarwaɗa a ganye ya wuce. Aka canja mana madubi, aka kawo lantarki, aka ɗauke lantarki, Baba Audu ya rasu, gashina ya yi fari, na yi ritaya aka sake kirana in riƙa leƙo ku. Tanko bai fasa ba. Zuwansa na ƙarshe jikansa ke riƙe da hannunsa, ido ya tafi, amma ya gane tagar. Ya tambaya na ce tukuna. Ya ce: «Masaƙan nan naku ragwaye ne.» Bai sake dawowa ba.

Injin nan naku da kuke shafawa kamar sabon babur, ban raina shi ba. Yana ƙirga abin da ni sai in yini ban ƙirga ba. Amma abin da aka saƙa shi ya kama kaɗai yake kamawa, kuma alamomin da kake karantawa a waya ba su iso tagar nan ba. In sun iso ma, wata ƙwayar za ta wuce, kuma dole wani ya tashi ya je ya faɗa wa uwa da Hausa.

Yanzu, Nasiru, maimaita mana a gaban 'yan uwanka. Ka kai mata takardar da injin ya fitar, ka ce Hajiya kwantar da hankalinki, an duba jini, ba komai. Ita kuma me ta ce maka?

Ɗaga murya, ba su ji ba.

Yawwa. «Ba komai a jinin, ko ba komai a tarunku?» Ka ɗauka ruɗewa ta yi, har ka ce ko a kira mata nas. Ba ruɗewa ba ce, gadon maganar ubanta ta yi. Rabi ce. Ta bari an ɗebi ruwan bayan ɗanta ba gardama, tana jiran ta ji ko a wannan karon akwai mai gaya mata gaskiya, don dangin mijinta na can bakin ruwa sun tayar da injin jirgi.

Tashi ka je. Ka ce mata tarunmu ne bai kama ba, ciwon na nan, likita na bin sa, ta kwance kayanta. In ta tambaye ka ko an gama saƙar, ka san amsa. Kuma ka tsaya ta wajen damanta in za ka yi magana, na hagun ba ya ji.